Harajin rediyo a takardar albashi: wa ke sauraro yanzu?

Malam_Sule_Yelwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau na karɓi takardar albashina, ina dubawa sai idona ya sauka kan layin RAV, kuɗin da ake cirewa duk wata don gidan rediyo da talabijin na ƙasar Kamaru, CRTV. Shekara 19 ina koyarwa a nan Garwa ban taɓa tsayawa a kan layin nan ba. Da na koma gida na tarar da yarana huɗu kowa ya sunkuyar da kai kan waya, tele a kashe, rediyon marigayi babana yana saman kabad ƙura ta rufe shi. Na tambayi babbar 'yata ko ta san inda ake kama tashar Garwa a FM, sai ta yi dariya. To ga tambayata: gidan rediyo da talabijin na ƙasa yana da sauran kwana a zamanin waya? In yana da, wane aiki ya rage masa? In babu, don me ake ci gaba da biya? Don Allah a yi magana da hankali, ban zo siyasa ba.

Klando_237:
Malam ai ka ba kanka amsa. Gani ya kori ji. Ni kafin a karanta labari ƙarfe ɗaya na rana na riga na gan shi a Facebook tun hantsi, har da bidiyo.

Goggo_Hauwa_Marwa:
Wa alaikumus salam Malam Sule. Kai kuma ɗan klando mai haya da babur, labarin da kake gani tun hantsi, nawa ne a ciki yake zama gaskiya zuwa la'asar? Ni dai rediyona yana rataye a madafa. Ina tuƙa tuwo ina jin sanarwar rasuwa, ina jin ranar da masu rigakafi za su shigo unguwa, ina jin gaishe-gaishe. Waya sai ka ajiye abin da kake yi ka zuba mata ido. Ku maza kuna da lokacin zama ku latsa, mu hannunmu a cikin ruwa yake.

Akawu_Bello:
Bari in ɗan yi bayanin layin da Malam ya gani, tunda aikina ke nan. Tun 1989 aka kafa wannan haraji. Ba kaso ɗaya ake cirewa kowa ba, matakai ne gwargwadon albashi: mafi ƙanƙanta sefa 750 a wata, mafi girma 13,000. Mai ƙaramin albashi sosai ba a taɓa shi. 'Yan kasuwa masu biyan patanti, wato harajin lasisin kasuwanci, su ma suna biya ta can. Abin lura, ba a tambayarka kana da tele ko babu. A Ingila kuɗin lasisin BBC a kan gidan da ke kallo yake. Faransa kuwa, wadda muka kwaikwaya, ta soke nata a 2022, lokacin yana Yuro 138 a shekara, ta koma ɗibar kuɗin daga harajin kayan masarufi. Wato ba daina biya suka yi ba, layin ne ya ɓace daga idon mutane.

Klando_237:
Ashe ni ba na biya. Alhamdu lillahi, na fita daga muhawarar 😂

Akawu_Bello:
Ba ka fita ba ɗan'uwa. Mai shagon da kake sayen kayan gyaran babur a wurinsa yana biya, kuma ba daga aljihunsa yake fitarwa ba.

Sani_Briketeri:
Ni matsalata ba kuɗin ba ne. Malam ya ce "gidan rediyo na ƙasa". Ƙasa ko gwamnati? Ba abu ɗaya ba ne. Gidan jama'a shi ne wanda manomin auduga zai kira ya ce taki ya zo a makare, a bar shi ya gama maganarsa, sannan a nemo mai alhakin abin ya amsa. Namu a duk Afirka ta Tsakiya an gina su ne don mai mulki ya yi magana talaka ya saurara. Ku duba yadda labarai suke farawa: dokar naɗi, saƙon taya murna, minista ya buɗe taro, minista ya rufe taro. Shugaban gidan ma da sa hannun shugaban ƙasa ake naɗa shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun samun 'yanci CRTV haka take.

Tsohon_Injiniya:
Ɗan gyara kaɗan, Sani. Lokacin samun 'yanci babu CRTV. Rediyo ne kawai. Talabijin sai 1985 ta fara a Kamaru, da taron jam'iyya na Bamenda, sannan a 1987 aka haɗe rediyo da talabijin gida ɗaya aka ba shi wannan suna. Tashoshi masu zaman kansu kuwa sai da dokar Afrilun 2000 ta buɗe musu ƙofa.

Amma ga abin da nake so matasan zauren nan su gane, don na yi shekaru ina gyaran na'urorin watsa shiri. Idan ka kafa eriya ɗaya a kan tudu, mutum goma su saurara ko dubu ɗari biyar, kuɗin da ka kashe ɗaya ne, mai sauraro kuma baturi kawai ya saya. Intanet ba haka take ba. Kowane mutum sai ya sayi nasa megan, kuma in jama'a suka yi yawa a eriyar waya ɗaya sai ta cushe. Ranar da aka fi bukatar labari, ranar ambaliya ko tashin hankali, ita ce ranar da kowa ke kira a lokaci guda, layi ya toshe. Ga kuma wuta. An ɗauke ta kwana biyu wayarka ta mutu, rediyo mai baturi biyu yana nan yana magana har sati uku.

Binta_Dang:
Baba Injiniya na yarda da lissafinka, amma ka je ɗakunan kwananmu a jami'ar Gaundare ka nemo rediyo ɗaya in ba ka tukwici. Ba ƙin labari muke yi ba. Abin da ba za mu iya ba shi ne zama jiran ƙarfe kaza. Shirin lafiya da aka yi ƙarfe goma na safe ina aji, shi ke nan ya wuce har abada? A yanka shi minti uku-uku, a sa a WhatsApp da muryar mai gabatarwa da tambarin tasha, a yi da Hausa da Fulatanci. Wallahi zai zaga ƙauyuka fiye da yadda eriya ke kaiwa, don mutum ɗaya ya sauke, goma za su karɓa ta Xender ba tare da mega ba. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Alhaji_Tanko_Kusiri:
'Yata Binta, kin yi magana, amma bari in ba ki labarin daminar 2024. Ruwan Logon ya cika, Yagwa da Maga suna cikin ruwa, mu ma a Kusiri muna kwana da buhunan yashi. Wani dare wata murya ta shigo wayoyin mutane, wani mutum yana rantsuwa da Allah cewa madatsa ta fashe, ruwa zai iso kafin asuba. Babu suna, babu inda yake. Maƙwabcina ya kwashe iyalinsa cikin duhu, matarsa da tsohon ciki. Ni na kunna rediyo ina juyawa tsakanin tashar wannan gaɓa da ta Injamena, don mu nan duka biyun muna kamawa. Abin da na nema shi ne murya wadda na sani, wadda in ta yi ƙarya gobe na san ƙofar da zan je. Muryar WhatsApp ba ta da ƙofa.

Sani_Briketeri:
To Alhaji, ka samu muryar a daren? Ko kiɗa ka tarar?

Alhaji_Tanko_Kusiri:
Gaskiya sai da safe aka yi bayani. Ban ɓoye ba.

Sani_Briketeri:
Ka ga abin da nake faɗa ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan jarida yana da labarin a hannu amma yana jiran perefe, wato shugaban gunduma, ya ba da izini, perefe yana jiran gwamna. Kafin izini ya sauko jita-jita ta gama gari.

Ɗan_Ridina:
Gaisuwa daga Injamena. Ku da kuke cewa waya ta wadatar, ku tambaye mu. Daga Maris 2018 har Yulin 2019 aka toshe mana WhatsApp da Facebook, wata 16 cur. Mai kuɗi ya sa VPN, megansa na ƙonewa ninki biyu, talaka ya koma rediyo. Ku ma a Kamaru an yanke intanet a yankunan masu Turancin Ingilishi a 2017 wajen wata uku. Abin da ake kashewa da maɓalli ɗaya ba a dogara da shi kaɗai. Amma kada Goggo ta yi murna da yawa, don wanda ya toshe intanet ɗin shi ne mai gidan rediyon. A nan an canza wa gidan suna, daga ONRTV ya koma ONAMA, an yi dogon bene mai kyau. Abin da ke sa mutanen kasuwa su saurara shi ne labarai da Larabcin Chadi, ba benen ba.

Goggo_Hauwa_Marwa:
Ni ban ce gwamnati waliyyiya ce ba, ɗana. Na ce rediyo yana da amfani.

Umaru_Coton_Sport:
Ku bar zancen labarai, ku zo kan ƙwallo. Lokacin gasar Afirka a Janairun 2022, ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin Rumde Ajiya, wanda bai samu tikiti ba a ina ya kalla kyauta? Tashar ƙasa. In babu ita, wasan Lions, ƙungiyar ƙasarmu, ma sai mai dekoda da kuɗin wata. Kuma wasan Coton Sport, ƙungiyarmu ta Garwa, da wata ƙungiyar cikin gida, wace tashar waje ce za ta ɗauko kyamara ta zo Garwa dominsa?

Klando_237:
Iheanacho! Ina bayan raga ranar. Amma Tunisiya ta zo ta kore su a filin nan dai, garin ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Umaru_Coton_Sport:
Kada ka tuna mini. Na yi asarar kaza biyu a kan wasan nan.

Admin_Zaure:
Jama'a a koma kan tambayar Malam Sule. Masu ƙwallo akwai zaurenku daban.

Hajiya_Mairo_Gidar:
Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne harshe. Iyayenmu suna ba da labarin yadda Rediyo Garwa ta yi suna har cikin Najeriya, mutanen Yola da Mubi suna aiko wasiƙun gaisuwa. Me ya jawo su? Fulatanci da Hausa. Yau babbar tashar da ke Yawunde Faransanci da Ingilishi take yi, harsunanmu an bar wa tashoshin jihohi, su ma sa'o'in rabawa ake yi tsakanin harsuna da yawa. Ba laifi ba ne, Arewa Mai Nisa kaɗai harsunanta sun fi a ƙirga da yatsu: Mafa, Tupuri, Masa, Musgum, Kotoko, Larabcin Shuwa, Kanuri, Giziga. Amma a nan ne nake ganin aikin da babu mai yi sai gidan jama'a. Ɗan kasuwa ba zai buɗe tasha da harshen Mafa ba, don babu mai talla a can. TikTok kuma abin da ya fi tara 'yan kallo yake turo maka. Tsohuwar da ke kan duwatsun Mokolo ba ta cikin lissafin kowa.

Binta_Dang:
Hajiya, a TikTok ɗin ma akwai masu yi da Fulatanci da Hausar nan tamu, kuma suna da mabiya.

Hajiya_Mairo_Gidar:
Akwai, ina kallonsu, suna ba ni dariya. Wanne ne a cikinsu zai zauna ya yi bayanin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari lokacin kwalara, ya maimaita kullum har wata biyu ko da babu mai danna masa alamar so?

Malam_Sule_Yelwa:
Maganar Hajiya ta tuna mini da 2020. Da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona, an koma ba da darasi ta talabijin ɗin ƙasa don 'yan ajin jarrabawa. Ɗalibaina na cikin gari sun amfana. Waɗanda suka koma ƙauye kuwa, babu wuta balle tele, sun dawo kamar ba su taɓa shiga aji ba. Na sha tunanin da an fi ba rediyo ƙarfi a lokacin da abin ya fi kai musu. Kuma mu da muka girma muna jiran a karanta sunayen waɗanda suka ci jarrabawar BEPC a rediyo, gida ya yi shiru, uwa ta riƙe carbi, mun san abin da tashar take nufi a da. Yanzu sakamako ta waya yake zuwa. Aikin nan ya tafi, ba zai dawo ba.

Kawu_Isa_Mora:
Ni tun ina saurayi BBC nake ji da asuba, sai Jamus, sai Muryar Amurka. Ban taɓa dogara da tashar gida don labarin duniya ba, kai har labarin Kolofata da Amchide da ke bayan gidana sau da yawa daga London na fara ji. To me ya faru a Maris 2025? Shugaban Amurka ya sa hannu a takarda ɗaya, Sashen Hausa na Muryar Amurka da ke magana tun 1979 ya yi shiru. Na murɗa rediyo na murɗa, babu. BBC ma da take Hausa tun 1957, ta rufe rediyonta na Larabci a farkon 2023 bayan shekara 85, ta ce a koma intanet. Wa ya ba mu tabbacin ba za a wayi gari a ce Hausa ma haka ba? Zanen aro ba ya rufe katara. Shi ya sa duk da haushin da nake ji, ban yarda a kashe namu ba. Gyara yake so.

Sani_Briketeri:
Kawu, wa zai gyara? Wanda yake cin moriyar yadda yake?

Kawu_Isa_Mora:
Wannan kuma ka fi ni kusa da su, kai da ke Yawunde. Ka leƙa hedikwatar CRTV a Mballa II ka gaya musu.

Zara_Mai_Shago:
Masu cewa a bar wa tashoshi masu zaman kansu, kun saurare su da dare kuwa? Awa guda mai maganin gargajiya ya saya yana cewa garinsa na warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa duka a ƙulli ɗaya. Ƙanwar mahaifiyata ta ajiye maganin asibiti saboda irin wannan shiri a wata tasha, sai da aka kwantar da ita. Ban ga laifin ma'aikatan sosai ba, wata uku ba albashi, wanda ya kawo kuɗi shi ne mai iska. Tashar da ba ta jiran kuɗin mai magani ita ce za ta iya ce masa a'a. To kuɗin nan daga ina zai fito in ba irin layin da Malam ya gani ba?

Akawu_Bello:
Zara ta taɓo inda gizo ke saƙa. Masu tashoshi masu zaman kansu kuma kukansu daban: gidan ƙasa yana karɓar haraji, yana kuma shiga kasuwar talla yana takara da su. Ni a ganina da za a riƙa wallafa lissafi duk shekara, nawa aka tara, nawa ya tafi tashoshin jihohi, nawa ya tsaya a hedikwata, da rabin gardamar nan ta mutu. Mutum ya fi haƙuri da cirewa in ya ga inda kuɗin ya sauka.

Tsohon_Injiniya:
Binta, na dawo kan maganarki don ta tsaya mini a rai. Ba sai an zaɓi ɗaya ba. Shirin da aka watsa ta eriya, yanka shi a tura ta waya aikin yaro ɗaya ne da kwamfuta. CRTV tana da shafukanta a intanet, ta buɗe tashar labarai zalla a 2018. Abin da ya rage shi ne a yi wa tashoshin jihohi irin wannan, da harsunan gida. Abin da nake tsoro kawai kada a ce tunda an shiga intanet a bar eriyoyi su ruɓe. Mun ga yadda aka yi da komawa talabijin na dijital: wa'adin duniya Yunin 2015 ne, amma yau a Arewa duk mai son hoto mai kyau faranti yake kafawa a rufin gida. Da ya kafa kuma tashoshi ɗari ne a gabansa, na Kano da na Dubai da na Indiya, ta gida ta zama ɗaya a cikin ɗari.

Af, kuma yawancin ƙananan wayoyin nan na Tecno da Itel suna da FM a ciki. A wasu sai ka sa abin kunne, shi ne eriyar. Ba ya cin mega ko ɗaya.

Binta_Dang:
Baba wallahi ban taɓa buɗe shi ba. Na ɗauka ado ne.

Ɗan_Ridina:
Ƙari kan maganar Hajiya Mairo: a yankin Tafkin Chadi akwai rediyon Ndarason da ke watsa shiri da Kanuri da Kanembu, masunta da makiyaya suna ji sosai. Ba ta gwamnati ba ce, da tallafin waje take tafiya. Aikin gidan jama'a take yi ba tare da sunan ba. Sai dai maganar Kawu Isa ta hau kanta ita ma, ranar da mai tallafi ya gaji fa?

Klando_237:
Ni dai har yanzu ban ga wanda ya amsa wa Malam ba. A ci gaba da cire masa ko a daina?

Sani_Briketeri:
A daina har sai manomi ya iya kira ya gama maganarsa.

Zara_Mai_Shago:
In an daina yau, tashar Yawunde ba za ta mutu ba, gwamnati za ta ciyar da ita ta wata hanya. Shirin Hausa na minti talatin a jiha shi za a fara yankewa.

Malam_Sule_Yelwa:
Na gode jama'a, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Bayan isha na sauko da rediyon baba na kakkaɓe. Baturan da ke ciki sun zubar da ruwa sun ci ƙarfen, bai tashi ba. 'Yata ce ta karanta abin da Baba Injiniya ya rubuta, ta sa abin kunne a wayarta ta lalubo tashar. Mun tarar ana sanarwar rasuwa da Fulatanci, sai ga sunan wani dattijo na Pitowa da muka yi aiki tare a makarantata ta farko. Ban ji a ko'ina ba sai nan. Gobe in Allah ya kai mu zan je gaisuwa. Ita kuma da aka gama sanarwar ta cire abin kunnen ta koma TikTok ɗinta.

Alhaji_Tanko_Kusiri:
Allah ya jiƙansa ya gafarta masa.

Goggo_Hauwa_Marwa:
Amin. Malam, kada ka yar da rediyon nan. Ka kai wa masu gyara a babbar kasuwa su kankare wurin baturin da takardar yashi, zai tashi. Kuma in ba za ka kunna ba ka riƙa cire baturan.